Matasa masu nakasa a tsakaninmu: daga sadaka zuwa haƙƙi

An shirya wannan darasi ne domin a karanta shi cikin ƙungiya: a taron matasa, a zumuntar mata, ko a zaman dattawan ikilisiya. Yana magana a kan yara da matasa masu nakasa da muke zaune tare da su a Hanwa, Samaru, Sabon Gari da ƙauyukan da ke kewaye da Zariya. Idan akwai mai nakasa a ikilisiyarku, ku tabbata yana wurin kafin a fara. Idan ba shi da hanyar zuwa, a kai taron gidansu.

Ina suke?

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa, wato kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, ko mutum ɗaya cikin kowane shida. Lissafin ya haɗa da tsofaffi, waɗanda nakasa ta fi yawa a cikinsu. Duk da haka ya isa ya sa mu tambayi kanmu. Idan muka duba bencin matasa ranar Lahadi ba mu ga mai sanda, ko mai keke, ko mai maganar hannu ko ɗaya ba, ina suke?

Waɗansu suna cikin gida. Ba a kai su makaranta ba, ba a kuma kawo su sujada. Waɗansu muna wucewa ta gabansu a gadar Kwangila, a bakin kasuwar Sabon Gari ko a tashar mota, muna miƙa musu ɗan canji. Tun 1962 Jami'ar Ahmadu Bello take a Samaru, ɗalibai suna zuwa daga kowane sashe na Najeriya. Amma ana samun saurayin da aka haifa a unguwar da ke kusa da ƙofar jami'ar, bai taɓa zama a ajin firamare ba, don kawai yana rarrafe.

Sadaka abu ne mai kyau, amma cikin yau kaɗai take cikawa. Gobe yaron zai koma bakin titi. Abin da muke so mu gane a darasin nan shi ne, yawancin abin da ke tsare matashi mai nakasa a gida yana cikin abubuwan da mu muka gina da shawarwarin da mu muka yanke. Abin da mutane suka gina kuwa, mutane suna iya gyara shi.

Me ke kawo nakasa?

Dalilan sanannu ne. Shan inna ya shanye ƙafafun yara da yawa a arewacin Najeriya. An ga ƙarshen asalin ƙwayar cutar a jihar Borno a 2016, a watan Agusta na 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Sai dai waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, shi ya sa kuma ake ci gaba da ɗiga wa jarirai rigakafi. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe mutum fiye da dubu 11 a Najeriya, ta bar yara da yawa ba sa ji. Ƙyanda tare da ƙarancin abinci mai gina jiki tana makantar da yaro. Doguwar naƙuda tana iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Hatsarin mota da na babur yana karya baya, yana sa a yanke ƙafa. Waɗansu kuma haka aka haife su.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan da yake la'ana, ko maita, ko alhakin iyaye. Farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓa mai ita. Zabiya mutum ne kamar kowa, fatarsa ce ba ta jure rana, idonsa kuma ba ya gani da nisa. A Yohanna sura 9 almajirai sun so su san wanda ya yi zunubi har aka haifi wani mutum makaho. Yesu ya ƙi ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa. Uwar da ta ɓoye ɗanta a ɗaki don gudun bakin mutane tana bukatar ta ji wannan daga bakin fasto, a gaban kowa.

Ciwo daban, shinge daban

A ce akwai yarinya 'yar shekara 12 da shan inna ya shanye ƙafafunta. Ciwon yana ƙafa. Kanta lafiya lau, hannuwanta lafiya lau. To me ya hana ta karatu? Makarantar tana da nisa, ba ta da keke. Da damina hanyar laka ce. Ƙofar aji tana da matakala uku. Ban ɗakin makaranta rami ne wanda sai ta shiga da hannuwa a ƙasa. Babanta yana da kuɗin littattafan yara uku ne cikin huɗu, ya ga kamar ita ce ba za ta amfana ba. Duk waɗannan shinge ne, ba ciwo ba ne. Likita ba zai iya mayar mata da ƙafa ba, amma magini, kafinta, hedimasta, kansila da babanta suna iya kawar da kowane ɗaya daga cikin shingayen.

Shinge iri uku ne.

Na farko, shingen wuri: matakala, ƙofa mai ƙunci, kwata a buɗe, rijiya ko ban ɗaki da ba ya shiguwa, direban da ke wuce mai keke don kada ya ɓata masa lokaci.

Na biyu, shingen labari: wa'azi da sanarwa da kurma ba ya ji, takardar da makaho ba ya iya karantawa, malamin da ke magana ya juya wa aji baya.

Na uku, shingen zuciya, shi ne ya fi wuyar rushewa. Shi ne ke sa mu yi wa ɗan rakiya magana a maimakon mai nakasar. Shi ne ke sa a tsallake shi a rabon gado, a hana shi aure, a ɗauka bara ce kaɗai sana'arsa. Ko yadda muke kiran mutum yana cikin wannan. Yaro yana da suna, amma unguwa ta san shi da "gurgu" ko "bebe". A rediyo yanzu ana cewa "masu bukata ta musamman", waɗansu kuma sun fi son "masu nakasa". Mu kira mutum da sunansa, mu kuma tambaye shi kalmar da ya fi so.

Hausawa suna cewa babu nakasasshe sai kasasshe. Gaskiya ne, maganar kuma ta ƙarfafa mutane da yawa. Amma kada mu yi amfani da ita mu zargi yaron da muka rufe wa ƙofa cewa shi ne ya kasa shiga.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa ba su san akwai doka ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa a 2006, Najeriya ta tabbatar da shigarta a 2010. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Ga kaɗan daga abin da ta ƙunsa:

• Wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda nakasarsa zai iya biyan tarar naira dubu 100, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Kamfani ko hukuma kuwa tarar naira miliyan ɗaya ce.
• Mai nakasa yana da haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare, ba tare da an ware shi ba.
• Makarantun gwamnati su zama masu shiguwa ga kowane yaro, su kuma sami ma'aikaci wanda aka horar don kula da masu nakasa.
• Ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari kashi 5 cikin ɗari na ma'aikatansu su zama masu nakasa.
• An hana amfani da mai nakasa wajen yin bara.
• A layi, a fara sallamar mai nakasa.
• An ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a Janairu na 2024.

A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021, tana kuma da hukumar da ke kula da al'amuran masu nakasa. Tun 2004 ma dokar ilimin bai-ɗaya ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Hukumar JAMB kuwa tun 2017 take shirya wa ɗalibai makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na musamman, ɗaya daga cikinsu a Kano.

Dukanmu mun san cewa abin da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Amma sanin doka yana canza yadda muke shiga ofis. Wanda ya san haƙƙinsa yakan shiga da ladabi, ya tuna wa hukuma alkawarin da ta riga ta yi.

Waɗansu sun riga mu

Wannan aiki ba baƙo ba ne a arewa. A 1953 mishan na SUM ya buɗe makarantar makafi a Gindiri, ta farko a Najeriya. Andrew Foster, baƙin Ba'amurke wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, ya kuma horar da malamai kurame da suka bazu cikin ƙasashen Afirka. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun da daɗewa, cikakken harshe ne da ake ciniki da hira da shi.

Ayuba Gufwan, ɗan jihar Filato, shan inna ya kama shi yana ƙarami, ya bar makaranta shekaru da yawa. Da ya sami keke sai ya koma karatu har ya gama jami'a a Jos. Ya kafa wurin ƙera kekunan guragu a Jos, wanda ya raba dubban kekuna. A 2024 aka naɗa shi babban sakataren Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa. Misbahu Lawan Didi na Kano, shi ma shan inna ya taɓa shi, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wasan da ya bazu zuwa jihohi da ƙasashe maƙwabta. A gasar nakasassu ta duniya a birnin Riyo a 2016, 'yan wasan Najeriya sun dawo da lambobin zinariya takwas.

Mu lura da abu ɗaya. Mutanen nan ba a yi musu mu'ujiza ba. Keke ɗaya, makaranta ɗaya, malami ɗaya da ya yarda, su ne suka buɗe hanya.

A garuruwan Hausa kuma masu nakasa sun daɗe da tsarin shugabanci nasu, kamar sarkin makafi da sarkin guragu. Akwai kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, JONAPWD. Kada mu fara aiki kamar babu su. Mu je mu gaishe su, mu ji abin da suka riga suka nema.

Yadda za mu tsaya tare da su

Tsaya wa mutum shi ne taimaka masa ya kai kukansa inda za a share masa hawaye. Ga matakai bakwai da ƙaramar ikilisiya za ta iya bi.

1. Mu nemo su. Mutum biyu biyu, mace da namiji, su zaga gida gida bayan sun sanar da mai unguwa. A rubuta shekarun yaro, abin da ke ba shi wuya, ko yana makaranta, ko yana koyon sana'a. A nemi izinin iyaye da na yaron, a kuma riƙe sirrinsu. Kada a tsallake gidajen maƙwabtanmu Musulmi. Shan inna bai tambayi addinin kowa ba, kuka kuma ya fi ƙarfi idan fasto da liman suka kai shi tare.

2. Mu tambaye su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna iya tara kuɗi mu saya wa saurayi keke, alhali abin da yake so shi ne wanda zai koya masa gyaran waya. A yi zama da matasan su kaɗai, ba tare da iyaye suna amsawa a madadinsu ba. 'Yan mata su zauna da mace, gama akwai maganar da ba za su faɗa a gaban maza ba.

3. Mu zaɓi abu ɗaya. "A taimaka wa nakasassu" ba buƙata ba ce da wani zai iya sa wa hannu. "A yi gangare a ƙofar aji ɗaya da ban ɗaki ɗaya kafin a dawo hutu" buƙata ce da za a iya cewa an yi ko ba a yi ba.

4. Mu san mai ikon abin. Maganar karɓar yaro a aji tana hannun hedimasta da kwamitin kula da makaranta. Gyaran gini da turo malami yana hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Sabon Gari da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Kwata da hanya, kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Rikicin gado ko gona, a fara da dattawan gida da mai unguwa.

5. Mu rubuta. Wasiƙa shafi ɗaya ta isa: su wane ne mu, yara nawa abin ya shafa, me muke nema, me doka ta ce, me mu za mu bayar. Idan muka ce za mu kawo yashi da ma'aikata, hukuma ta kawo siminti, za a fi saurin jin mu. A ajiye kwafe, a kuma sa wanda ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata.

6. Mu je tare. Matashin shi ne zai yi magana da bakinsa ko da hannunsa, mu kuma mu zauna a gefensa. Idan ofishin yana saman bene, kada mu bar shi a ƙasa mu hau. Mu roƙi jami'in ya sauko. Wannan kaɗai darasi ne gare shi.

7. Mu bi sawu. A koma bayan mako biyu, a sake komawa. Sannu ba ta hana zuwa. Idan an yi abin, a je a yi godiya, a kuma faɗa a gaban jama'a.

Mu fara da gidanmu

Ba za mu nemi makaranta ta yi abin da majami'armu ba ta yi ba. Gangaren shiga ba shi da tsada. Ƙa'idarsa ita ce, duk inci ɗaya na tudu a ba shi ƙafa ɗaya na tsawo. Idan dandamalin ƙofa ya kai inci shida, gangaren ya zama ƙafa shida. Wanda ya fi haka tsayuwa yana iya kifar da keke. Ƙofa ta kai faɗin ƙafa uku. A ban ɗaki a kafa ƙarfen riƙewa da kujera mai rami. Kurma da mai raunin gani su zauna gaba, inda akwai haske, mai wa'azi kuma ya fuskance su. Matasa biyu su koyi maganar hannu daga kuramen unguwa.

Bayan shiga, sai aiki. Mai nakasa yana iya karanta nassi, ya shiga ƙungiyar mawaƙa, ya riƙe littafin kuɗin matasa, ya koyar a makarantar Lahadi, a zaɓe shi cikin kwamiti. Masu sana'a a cikinmu, tela, kafinta, mai gyaran babur, mai kiwon kaji, mai shago, kowa yana iya ɗaukar ɗan koyo ɗaya, ya kuma yaye shi kamar sauran. Amma kada mu yanke wa yaro cewa ɗinkin takalma ne iyakarsa. Idan kansa yana ja, hanyar Samaru tasa ce shi ma.

Mu kula da 'yan mata musamman. Yarinya kurma ko mai raunin ƙwaƙwalwa ta fi shiga hatsarin masu lalata, domin mugu ya san da wuya ta faɗa, in ta faɗa ma da wuya a yarda. Zumuntar mata ta koya musu sanin jikinsu, ta saurare su. Idan abu ya faru, a kai asibiti da wuri, a kai ƙara. Kada a rufe maganar don gudun kunya.

Inda za a nemi magani

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jaririn da aka haifa da karkatacciyar ƙafa ana iya miƙe ta da ɗaurin filasta idan an fara da wuri. Yanar ido ana cire ta ko a yaro ne. Farfaɗiya tana da magani da ke rage faɗuwa idan ana sha kullum. Kuturta tana warkewa, maganinta kuma kyauta ne. A kusa da mu akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, asibitin St. Luke a Wusasa, da cibiyar tarin fuka da kuturta a Saye. A Kaduna akwai cibiyar ido ta ƙasa, cibiyar kunne ta ƙasa, da makarantar gwamnatin jiha ta yara makafi da kurame. A Kano akwai asibitin ido na ECWA da asibitin ƙashi na Dala. Sau da yawa kuɗin mota da ɗan rakiya ne ke hana iyali zuwa. Wannan kuwa baiko na Lahadi ɗaya yana iya ɗaukar sa.

Nazarin Littafi Mai Tsarki

A karanta Markus 10:46-52. Bartimawas makaho ne, yana bara a bakin hanyar Yariko. Da ya ɗaga murya, taron ya tsawata masa ya yi shiru. Yesu ya tsaya, ya sa mutanen nan su kira shi. Ko da yake kowa yana ganin makantarsa, Yesu ya tambaye shi abin da yake so kafin ya yi masa wani abu. A ƙarshe Bartimawas ya bar bakin hanya ya shiga cikin masu tafiya.

A kuma karanta 2 Sama'ila sura 9. Dawuda ya nemo Mefiboshet, wanda ƙafafunsa biyu suka gurgunce, ya mayar masa da gonakin kakansa Saul, ya kuma ba shi wuri a teburinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

• Me ya sa taron ya so Bartimawas ya yi shiru? Ta waɗanne hanyoyi muke yin haka a yau?
• Me ya sa Yesu ya tambaye shi abin da yake so?
• Dawuda ya ba Mefiboshet abinci, ya kuma mayar masa da gado. Mene ne bambancin biyun?
• Yara da matasa masu nakasa nawa muka sani da sunansu a unguwarmu? Nawa ne ke makaranta?
• A zaga majami'a tare da mai keke ko mai sanda. Ina ya tsaya?
• Wane abu ɗaya za mu nema daga hukuma a bana? Wa zai rubuta wasiƙar, wa zai yi magana?

Ranar 3 ga Disamba ta kowace shekara ita ce ranar masu nakasa ta duniya. Kafin ku tashi daga wannan zama, ku zaɓi mutum biyar su riƙe aikin, aƙalla biyu daga cikinsu masu nakasa. Ku rubuta abin da kuke so a gama kafin ranar, ku manna shi a ƙofar majami'a. Ranar Lahadin da ta fi kusa da ita, a ba matasan dama su tsaya gaban ikilisiya su faɗi abin da aka yi da abin da ya rage.